Allurar Goge Tamoji da Kurakuran Fahimtar da Suka Dabaibaye Ta

Kalmar "allura" ita ce mafarin ruɗanin da ke tattare da zancen gyaran fuska a wannan zamani, domin a bakin jama'a, a shagunan gyaran jiki na Abuja da Kano da Legas da kuma a shafukan sada zumunta, suna ɗaya ake kiran abubuwa da dama waɗanda babu abin da ya haɗa su sai sirinjin da ake ɗura su da shi. Akwai allurar da ke sassauta tsokar fuska domin tamoji ya kwanta, akwai wadda ake cusawa ƙarƙashin fata domin a cike kunci ko leɓe, akwai kuma wadda ake yi ta jijiyar jini da sunan hasken fata, kuma kowace da irin sinadarinta da irin aikinta da irin haɗarinta. Wannan sharhi ya taƙaita ne ga ta farkon, wadda aka fi sani da Botox, sunan da kamfanin Allergan na Amurka ya raɗa wa samfurinsa har ya zame wa jama'a sunan kowane irin wannan magani, ko da yake akwai wasu samfuran kamar Dysport da Xeomin da ke aiki iri ɗaya. Tamoji kuwa shi ne layin nan da ke fitowa a goshi da tsakanin gira da gefen ido idan fata ta daɗe tana tattarewa a wuri guda. Abin da ke damun mai lura da wannan al'amari shi ne yadda tsoron jama'a ya sauka a inda bai dace ba: ana fargabar maganin da aka shafe shekaru sama da 40 ana gwada shi a asibitoci, alhali ana miƙa fuska cikin natsuwa ga hannun da ba a san inda ya koyi aikin ba, da kwalbar da ba a san inda ta fito ba.

Kuskure na farko, wanda ya fi kowane yaɗuwa, shi ne cewa allurar guba ce tsagwaronta, don haka duk wanda aka yi wa ita yana shan guba ne a hankali. A cikin wannan magana akwai gaskiya, kuma ba daidai ba ne a ɓoye ta. Sinadarin da ke cikin allurar dafi ne da wata ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum ke fitarwa, ƙwayar da ke zaune cikin ƙasa, take kuma yaɗuwa a inda babu iska, kamar cikin abincin gwangwani da ba a dafa shi sosai ba. Wani likita Bajamushe, Justinus Kerner, shi ne ya yi cikakken bayanin cutar da wannan dafi ke haddasawa tsakanin 1817 da 1822, lokacin da mutane a yankin Württemberg ke mutuwa bayan sun ci niƙaƙƙen naman da aka ɗura cikin hanji aka adana, kuma daga sunan wannan nama a harshen Latin aka samo sunan cutar, wato botulizim. A shekarar 1895 wasu makaɗa a ƙauyen Ellezelles na Beljiyam suka kwanta ciwo bayan sun ci adanannen naman alade a wajen taron jana'iza, mutum 3 suka rasu, kuma daga ragowar naman ne masanin ƙwayoyin cuta Émile van Ermengem ya gano ƙwayar kanta. Masana sun yarda cewa yana cikin dafi mafi ƙarfi da aka sani a duniya. Sai dai abin da ke raba guba da magani shi ne adadi da wurin da aka sanya, kuma Kerner kansa ya yi hasashen cewa ɗan kaɗan daga wannan dafi zai iya zama magani ga cututtukan da tsoka ke motsi fiye da kima, shekaru sama da 150 kafin a tabbatar da hakan.

Wanda ya tabbatar da shi likitan ido ne a birnin San Faransisko, Alan Scott, wanda ke neman hanyar gyara harara-garke ba tare da tiyata ba. Ya gwada dafin a kan birai, ya wallafa sakamakon a 1973, sannan a ƙarshen shekarun 1970 ya fara yi wa mutane, yana sanya ɗan ƙanƙanin adadi cikin tsokar da ke jan idon gefe guda domin ta saki. A 1989 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da maganin, a lokacin yana da suna Oculinum, domin harara-garke da kuma larurar da fatar ido ke matsewa da kanta har mutum ya kasa buɗe ido. Batun kwalliya ya biyo baya ne bisa dace, domin a 1987 wata likitar ido a birnin Vancouver na Kanada, Jean Carruthers, ta lura cewa masu larurar matsewar ido da take yi wa allurar, layin da ke tsakanin girarsu yana ɓacewa, sai ita da mijinta Alastair Carruthers, wanda likitan fata ne, suka bi diddigin abin har suka wallafa bincikensu a 1992. Sai a 2002 hukumar ta Amurka ta amince a yi amfani da shi domin layin tsakanin gira, a 2013 domin na gefen ido, a 2017 kuma domin na goshi. Wannan tarihi yana rushe wani kuskuren, na masu ɗaukar allurar a matsayin sabuwar ƙirƙirar masu kwalliya, domin daga asibitin ido ta fito, kuma har yau likitoci na amfani da ita wajen magance ciwon ɓarin kai mai naci, da yawan gumin hammata, da mafitsarar da ba ta riƙe fitsari, da karkacewar wuya, da sanƙarewar gaɓoɓin waɗanda suka sami shanyewar ɓarin jiki ko yaran da aka haifa da larurar ƙwaƙwalwa. Tsoron da aka cusa wa mutane game da sunan yana iya hana irin waɗannan marasa lafiya karɓar maganin da zai sauƙaƙa musu, kuma wannan asara ce da ba a cika lissafa ta ba.

Fahimtar yadda maganin ke aiki tana warware yawancin sauran ruɗanin. Tsoka ba ta motsi sai jijiyar saƙo ta isar mata da umarni daga ƙwaƙwalwa, kuma a inda jijiyar ta haɗu da tsokar, wani sinadari mai suna asetilkolin ne ke tsallaka ɗan ratar da ke tsakaninsu ɗauke da umarnin. Dafin yana shiga bakin jijiyar ya datse wani furotin da ke buɗe wa asetilkolin ƙofa, sai umarnin ya maƙale, tsokar ta huta, fatar da ke samanta kuma ta daina tattarewa. Ba nan take ake ganin sakamako ba, yakan fara bayyana ne bayan kwana 3 zuwa 5, ya cika cikin mako 2, sannan ya gushe bayan wata 3 zuwa 4, lokacin da bakin jijiyar ya gyara kansa ya koma aiki. Daga nan za a gane cewa masu cewa allurar ta dindindin ce sun yi kuskure, haka ma masu cewa tana taruwa a jiki shekara da shekaru, domin jiki yana narkar da ita kamar yadda yake narkar da sauran furotin. Haka nan ba ta kashe jin taɓawa, domin jijiyoyin da ke ɗaukar zafi da sanyi da taɓawa daban suke da waɗanda ke motsa tsoka, saboda haka goshin da aka yi wa allurar yana jin iska da ruwan alwala kamar kowane goshi.

Game da adadi kuwa, ana auna maganin da yunit, ma'aunin ƙarfin aikinsa, kuma abin da aka ƙayyade na Botox domin tsakanin gira yunit 20 ne da ake rabawa wuri 5, idan kuma aka haɗa da goshi da gefen idanu biyu jimillar takan kai yunit 64, alhali mai ciwon ɓarin kai ana ba shi yunit 155 a wurare 31 duk bayan mako 12, kuma iyakar da aka gindaya wa babban mutum ita ce yunit 400 cikin wata 3. Abu ɗaya da ya kamata a riƙe a nan shi ne yunit ɗin kamfani guda ba daidai yake da na wani ba, domin aikin da yunit 20 na Botox ke yi a tsakanin gira yunit 50 na Dysport ake ƙayyade masa, kuma wanda bai san wannan bambanci ba zai iya ninka adadi yana zaton daidai yake yi.

Sai batun sandararriyar fuska, wadda ita ce hoton da ya fi zama a zukatan jama'a saboda wasu taurarin fina-finai da ake gani suna dariya goshinsu bai motsa ba. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, don haka ba ƙaramin abu ba ne mutum ya rasa hanyar nuna mamaki ko alhini ko tausayi, kuma wannan fargaba tana da tushe. Amma sandarewar tana fitowa ne daga yawan adadi da sanya allurar a tsokokin da bai kamata a taɓa ba, wani lokaci kuma daga buƙatar mai karɓar ne da ya nace kada a bar layi ko ɗaya. Tsokokin fuska suna aiki ne tamkar masu jan igiya, wasu na ɗaga gira wasu na sauke ta, kuma tsoka ɗaya ce tak, wadda ta shimfiɗu a goshi, ke ɗaga girar sama, ta yadda idan aka raunana ta fiye da kima girar za ta sauko ta danne ido, mutum ya riƙa kama da mai jin barci, idan kuma aka raunana tsakiyarta aka bar gefenta sai wutsiyar girar ta miƙe sama kamar ta mai tuhuma. Idan maganin ya zarce ya kai ga tsokar da ke ɗaga fatar ido, fatar takan faɗo ta rufe wani sashe na idon, abin da ya sami kimanin kashi 3 cikin 100 na waɗanda aka yi wa allurar tsakanin gira a gwaje-gwajen farko, kuma a hannun likitoci aka yi waɗannan gwaje-gwaje. Babu wani makari da ake sanyawa ya janye maganin bayan ya kama bakin jijiya, akwai dai ɗigon ido da ke ɗan ɗaga fatar, amma sauran haƙuri ne na makonni har aikin maganin ya gushe.

Akwai kuma masu cewa wanda ya fara ba ya iya dainawa, ko kuma idan ya daina fuskarsa za ta zube ta fi da lalacewa. Maganin ba ya sa jiki ya kamu da shi yadda ƙwayoyin maye ke yi, kuma idan aka daina, tsokar tana komawa aikinta, tamojin kuma ya dawo yadda shekarun mutum suka hukunta. Abin da ke faruwa shi ne ido yakan saba da santsin goshi, ta yadda idan layin ya dawo sai a gan shi ya fi da zurfi, wannan kuwa sabo ne na zuciya, kuma shi ne ke mayar da mutane kan kujerar likita duk bayan wata 4 da kuɗi mai yawa a hannu. Sabon yana da nasa nauyi, musamman ga waɗanda damuwa da kamanninsu ta zame musu larura, kuma likitan kirki yakan gane irin waɗannan ya ƙi yi musu. Daɗewa ana yi wa tsoka guda allurar kan sa ta ɗan rame, yin ta a kai a kai ba tare da tazarar wata 3 ba kuma kan iya sa garkuwar jiki ta koyi yaƙar maganin har ya daina aiki, ko da yake wannan bai cika faruwa a ƙananan adadin kwalliya ba.

Kuskuren da ya fi janyo asarar kuɗi shi ne zaton cewa allurar tana goge kowane irin tamoji. Tana aiki ne kawai a kan layin da motsin tsoka ke haifarwa, wato wanda ke fitowa idan mutum ya haɗe gira ko ya ɗaga ta ko ya yi murmushi. Layin da ya riga ya zauna cikin fata ko fuska na hutawa, da saɓulewar kunci, da ramin ƙarƙashin ido, da zurfin layin da ke saukowa daga gefen hanci zuwa baki, waɗannan sun samo asali ne daga raguwar kitse da ƙashi da kolajin, wato zaren furotin da ke riƙe fata ta yi tauri, kuma sassauta tsoka ba ya mayar da su. A nan ne ake amfani da allurar ciko, wadda ake kira fila, kuma mafi yawanta wani sinadari ne mai kauri da ake kira hayaluronik, wanda ke riƙe ruwa ya kumbura wurin. Haɗa waɗannan allurai biyu a suna guda yana da hatsari, domin kumburarrun leɓuna da kumatun da ake ɗora wa Botox laifinsu aikin ciko ne, kuma haɗarin ciko na daban ne: idan ya shiga jijiyar jini yana toshe ta, fatar wurin ta mutu, idan kuma ya bi jijiyar da ke kai jini ga ido yana iya makantar da mutum cikin ɗan lokaci. Shi cikon hayaluronik yana da makarin da ke narkar da shi idan an gaggauta, amma irin wanda ake yi da silikon ko wasu mayukan da ba a san asalinsu ba, babu abin da ke fitar da shi sai wuƙar tiyata. Mayukan shafawa da ake tallatawa da sunan Botox kuma ba su ɗauke da dafin, ko da suna ɗauke da shi ƙwayarsa ta fi ƙarfin ratsa fata, haka ma abin da ake shafa wa gashi da wannan suna, sunan kawai aka ara.

Wannan batu yana da muhimmanci na musamman ga masu baƙar fata, domin yawancin hotunan talla da ke yawo an ɗauke su ne daga fuskokin Turawa, waɗanda rana ke tsufar da fatarsu da wuri. Sinadarin melanin da ke ba fata duhu yana kare ta daga wani kaso na illar rana, shi ya sa tamoji kan jinkirta fitowa ga baƙar fata, kuma abin da ya fi bayyana da shekaru shi ne rashin daidaiton launi da tabo da faɗawar tsakiyar fuska, waɗanda allurar sassauta tsoka ba ta taɓa ko ɗaya daga cikinsu. Ƙananan layukan da ke fitowa lokacin hunturu kuma bushewa ce, man kaɗanya da shan ruwa sun fi allura amfani a kansu. Abin takaici shi ne wani kaso na tsufan fata da wuri da ake gani a biranen Arewa bilicin ne ke janyo shi, domin mayukan da ke ɗauke da sitiroyid suna sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana ta riƙa tsagewa, masu ɗauke da haidurokwinon kuma idan aka daɗe ana shafa su suna barin baƙin tabo mai wuyar fita a kunci, kuma girman matsalar ne ya sa NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, ta bayyana bilicin a matsayin lamarin gaggawa na lafiyar ƙasa a 2023. Matar da bilicin ya lalata wa fata, idan aka ce mata allurar tamoji za ta gyara, an yaudare ta, domin larurarta a cikin fatar take, tsokar da ke ƙarƙashi lafiyarta ƙalau.

Wani ra'ayin da ke samun karɓuwa a tsakanin matasa shi ne a fara allurar tun ana shekara 20 da 'yan kai domin rigakafi. A hankalce maganar tana da ma'ana, tunda fatar da ba ta tattarewa ba za ta yi saurin samun layi ba, amma hujjar bincike a kanta ba ta da kauri, kuma ɗaya daga cikin rahotannin da aka fi kafa hujja da su, wanda likita William Binder ya wallafa a 2006, a kan tagwaye mata biyu kacal aka gina shi, ɗaya ta shekara 13 ana yi mata allurar a kai a kai, ɗayar kuma sau 2 kawai aka yi mata. Ba a gina hukuncin da zai hau kan miliyoyin mutane da tagwaye biyu. A Ingila dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Oktoban 2021 ta haramta yi wa wanda bai kai shekara 18 ba wannan allura ko ta ciko domin kwalliya, kuma buƙatar kafa irin wannan doka ta nuna yadda talla ta kai ga yara.

Ta fuskar addini ma akwai ruɗani ta ɓangarori biyu, masu cewa babu wanda ya taɓa magana a kai da masu cewa an haramta maganin ɗungurungum. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Putrajaya a ƙasar Malesiya cikin 2007, ta yanke cewa ba ya halatta a cire tamoji ta hanyar tiyata ko allura sai idan larura ce ta rashin lafiya kuma an aminta daga cutarwa, kuma kafin nan, a 2006, majalisar fatawa ta Malesiya ta hana amfani da Botox domin kwalliya amma ta bar ƙofa ga magani. Akwai malaman da suka sassauta bisa la'akari da cewa tasirin na ɗan lokaci ne. Abin da waɗannan hukunce-hukunce suka haɗu a kai shi ne bambancewa tsakanin magani da ado, don haka mai harara-garke ko mai sanƙararren hannu bayan shanyewar jiki ba ya cikin waɗanda ake taƙaddama a kansu. Yana da kyau kuma mai neman fatawa ya kai wa malaminsa cikakken bayani, har da cewa kwalbar Botox tana ɗauke da ɗan furotin albumin da ake tacewa daga jinin ɗan Adam domin adana maganin.

Kuskuren da ya fi duk waɗannan muni, wanda kuma shi ne ke kwantar da mutane a asibiti, shi ne ɗaukar allurar tamkar lalle ko dilka ko kitso, aikin da duk mai shagon gyaran jiki za ta iya koya cikin kwana biyu ta ƙara a jerin abin da ake yi wa amarya. Magani ne da likita kaɗai ke rubutawa, bayan ya binciki tarihin lafiyar mutum, domin akwai waɗanda bai kamata a yi musu ba: masu cututtukan raunin tsoka irin su mayasteniya, wadda garkuwar jiki ke lalata mahaɗar jijiya da tsoka, da masu ƙurji ko miki a wurin, da masu ciki da masu shayarwa waɗanda ba a tabbatar da amincinsa gare su ba. Wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta, irin su jentamaisin da ake yawan yi wa mutane a kemis ba tare da takardar likita ba, suna ƙara wa dafin ƙarfi, kuma mai shago ba za ta san ta yi wannan tambaya ba. Tun 2009 hukumar magunguna ta Amurka ta wajabta wa duk kamfanonin da ke yin maganin su buga gargaɗi mafi tsanani a takardarsa, cewa tasirin dafin yana iya zarcewa nesa da inda aka sanya shi har ya taɓa haɗiya da numfashi.

Abin da ya faru a ƙasashen da ke da tsauraran dokoki ya isa izina. A 2004 mutum 4 a jihar Fulorida ta Amurka suka shanye har aka ɗora su a kan na'urar numfashi bayan an yi musu allura da dafin da aka sarrafa domin binciken ɗakin gwaji, mai ƙarfin da ya ninka na magani sau dubbai. A farkon 2023 sama da mutum 80, a Turkiyya da Jamus da wasu ƙasashen Turai, suka kamu da botulizim bayan an yi musu allurar dafin a bangon ciki da sunan rage ƙiba a wasu asibitoci masu zaman kansu na Istanbul da Izmir. A 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bi diddigin mata fiye da 15 a jihohi da dama da suka kwanta ciwo bayan an yi musu jabun allura ko kuma waɗanda ba su da lasisi sun yi musu a gidaje da shagunan gyaran jiki, a tsakiyar 2025 kuma aka samu kusan mutum 40 a Ingila da irin wannan larura, aka kuma danganta ta da samfuran da ba su da rajista. A dukkan waɗannan, ko dai kwalbar ce jabu, ko adadin ya wuce kima, ko hannun bai cancanta ba.

Idan haka ta faru a inda ake sa ido, to a Najeriya da Nijar, inda jabun magani tsohuwar matsala ce kuma ake shigo da kaya cikin jakar hannu daga Dubai da Alƙahira da Istanbul ko a saye su ta intanet, haɗarin ya fi girma. Ga kuma matsalar ajiya, domin Botox yana buƙatar sanyin firji tsakanin digiri 2 da 8, kuma da zarar an narka garinsa da ruwan gishirin allura ana so a yi amfani da shi cikin awa 24, sharaɗin da ke da wuyar cikawa a shagon da wutar lantarki ke ɗaukewa rabin yini. Maganin da zafi ya taɓa yakan rasa ƙarfi, sai mai yin allurar ya saba da ƙara adadi, ranar da kwalba mai cikakken ƙarfi ta faɗo hannunsa kuma sai ya zarce. Araha ba ta ado, kuma farashin da ya faɗi ƙasa da na asibiti sosai yana nuna ko an tsinka maganin da ruwa ko kuma ba shi ba ne. Haƙƙin duk wanda za a yi wa ne ya ga kwalbar a rufe kafin a buɗe ta, da sunan kamfani da lambar rukuni da ranar lalacewa da lambar rajistar NAFDAC, ya kuma tabbatar cewa mai riƙe da sirinjin likita ne da Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya ta ba lasisi, wanda za a iya komawa gare shi idan abu ya ɓaci.

Alamomin da ke nuna dafin ya zarce suna iya bayyana cikin 'yan sa'o'i ko kuma bayan makonni, kuma sukan fara ne daga sama su sauko: gani ya dushe ko abu ɗaya ya zama biyu, fatar idanu biyu ta yi nauyi, murya ta shaƙe ko harshe ya karye, baki ya bushe, haɗiya ta yi wuya, sannan rauni ya sauko wuya da hannuwa har ya kai ga tsokokin numfashi. Saboda mai larurar yana cikin hayyacinsa kuma yawanci babu zazzaɓi, dangi kan ɗauka gajiya ce ko iska ko sammu, shi kuma mai larurar kunya kan hana shi faɗin abin da aka yi masa, sai likita ya ɓata kwanaki yana neman wata cuta daban. Makarin da ake bayarwa a asibiti yana kama dafin da ke yawo cikin jini ne kawai, ba ya sakin jijiyar da dafin ya riga ya kama, don haka amfaninsa ya dogara ne ga saurin kai mutum asibiti da faɗin gaskiyar allurar da aka yi masa da ranar da aka yi ta, kuma wanda raunin ya riga ya kai ga numfashinsa yana iya shafe makonni ko watanni a ɗakin kulawa ta musamman kafin jijiyoyinsa su farfaɗo.